Yaranmu Sun Haddace Fiziks, Amma Ba Su Taɓa Ganin Sa Ba

Jama'a, kowace shekara idan jarrabawar WAEC da NECO ta ƙarato, akwai wata hidima da ake yi a makarantun sakandarenmu wadda iyaye da yawa ba su san da ita ba. Hukumar jarrabawa takan aiko wa makaranta takardar sirri, ta lissafa kayan da za a tanada don firaktikal na Fiziks: rula mai tsawon mita ɗaya, zare da ɗan ƙarfen da ake ratayawa, duwatsun awo, sifirin, gilashi mai kusurwa uku, batir, waya, mitar auna wuta. Daga ranar shugaban makaranta ya shiga zirga-zirga ke nan. A buɗe sito a kakkaɓe ƙura. Abin da babu a je maƙwabciyar makaranta a aro, wanda ba a samu aro ba a yi karo-karo a sayo a kasuwa. A yi jarrabawa, a tattara kaya a mayar, sai kuma baɗi.

Yaron da zai zauna gaban kayan nan, sau da yawa a makon jarrabawar ne hannunsa ya fara taɓa su. Shekara uku yana ajin kimiyya, ya cika littattafai da rubutu, zai kawo maka dokokin Newton guda uku ba gargada kamar mai tilawa. Amma miƙa masa batir da ƙwan tocila da waya ɗaya ka ce ya kunna, sai ya tsaya yana kallon ka. Ƙwaƙwalwar yaron nan lafiyarta ƙalau. Mu ne muka ɗauki ilimin da ake koyo da hannu da ido muka mayar da shi hadda.

Abin da ya fi ci mini rai, yaron nan ya san Fiziks tun kafin a sa shi makaranta, ba a dai gaya masa sunan abin ba ne. Wanda ya ƙera motar kara ya san cewa in taya ta karkace mota ba ta tafiya. Wanda ya yi harbi da danƙo ya san iya jan da ka yi, iya nisan da dutse zai je. Mai hawa lilo ya san lokacin da ake tura ƙafa don lilo ya ƙara sama. A lambu kuwa ga jigo: doguwar sanda, guga a gefe ɗaya, curin laka a ɗaya gefen, mutum ɗaya ya wuni yana ɗebo ruwa bai gaji ba. Darasin da ake zana wa yara a allo ke nan da rula da ɗan ƙarfe a tsakiya, nauyi sau nisa a dama daidai da nauyi sau nisa a hagu. Makaɗin kalangu in ya matse tsarkiya a hammata, fata ta ɗame, murya ta yi sama. In ya sassauta ta yi ƙasa. Babi guda ne a littafin aji biyu. To yaro ya shigo aji da duk wannan a kansa, sai mu ce ya ajiye shi a bakin ƙofa tare da takalminsa, mu fara masa da ma'anar kalma cikin Turancin da ko rabinsa ba ya ji.

Bari in ba da misali ɗaya in ɗan tsaya a kansa, don a ga abin da ake asara. A samu zare mai tsawon mita ɗaya, a ɗaura ɗan dutse a bakinsa, a rataye a ƙusa. A ja shi gefe kaɗan a sake. A ƙirga zuwa da dawowa sau 20 ana duba agogon waya, za a samu wajen daƙiƙa 40. Yanzu a tambayi aji: in muka sa dutsen da ya ninka wannan nauyi, zai fi sauri ko zai fi jinkiri? Aji zai rabu biyu, a yi ta musu, har da masu rantsuwa. A sauya dutsen a sake ƙirgawa. Daƙiƙa 40 ɗin nan dai. Sannan a rage zaren ya koma kashi ɗaya cikin huɗu, santimita 25, sai lokacin ya dawo rabi, wajen daƙiƙa 20. Daga lambobin nan da yara suka auna da kansu za su fitar da 9.8 ɗin nan da aka sa su haddacewa, wato ƙarfin da ƙasa ke janyo abu da shi. Yaron da ya yi rantsuwa cewa babban dutse zai fi sauri, ya ga da idonsa ba haka ba ne, wallahi har ya tsufa ba zai manta ba. Kuma ya koyi abin da ya fi darasin ma muhimmanci: ana iya yin musu a kan abu, sannan a tashi a gwada, gwajin ya raba gardama. Nawa aka kashe? Zare da dutse da ƙusa.

Irin wannan suna da yawa. Sirinji biyu, babba da ƙarami, a haɗa su da siririyar roba a cika da ruwa, ga yadda jak ɗin mota da birki suke aiki. Tsohuwar sifika a ciro maganaɗisunta, a karɓo guntun wayar tagulla wajen masu naɗin fanka, a naɗa ta zobe a ɗora kan fil biyu da batir ɗaya, ta kama juyawa. Asalin abin da ke cikin fanka da injin ban ruwa na lantarki ke nan. Gwangwanin madara a huda gindinsa da ƙusa, a rufe bakinsa da takarda mai maiƙo, a juya shi wajen taga, sai ga bishiya ta fito kai a ƙasa. Wannan na ƙarshe ma Ibn al-Haisam, mutumin Basra da ya zauna a Alƙahira, ya yi bayaninsa a Kitabul Manazir shekara kusan dubu da ta wuce. Muna yawan ambaton sunansa a wajen lacca don mu nuna Musulmi sun yi kimiyya, amma gwajin da ya yi da ɗaki mai duhu da ƙaramar kafa, yaranmu nawa aka taɓa nuna wa?

Hatta yanayinmu gata ne. Da hunturu in ka goga biro a gashin kai zai ɗauki guntayen takarda, in ka ja bargo da dare ka ga tartsatsi. Busasshiyar iska ce ke sa gwajin nan ya yi kyau, malamin da ke Fatakwal sai ya sha wahala kafin ya samu abin da muke samu kyauta.

To me ya hana? Nan ne mu da muke aikin gwamnati ya kamata mu faɗi gaskiya, don mun san yadda fayil ke tafiya. Ba wai ba a sayen kayan kimiyya ba ne. Ana saya. Matsalar irin sayen ce. Kayan ɗakin gwaji na miliyoyi kwangila ce, tana da mai nema, tana da mai bibiya, akwai ranar miƙawa da ɗaukar hoto. Amma batir da zai mutu bayan wata ɗaya, da zare, da ƙwan tocila da ya ƙone, da gilashin da ya fashe, waɗannan ƙananan kuɗi ne na yau da kullum, ba wanda zai bi fayil ɗinsu daga ofis zuwa ofis. Sai ka ga makaranta tana da mitar auna wuta goma a kwali, babu batir ko ɗaya.

Na biyu, tsoro. Duk abin da ya shiga littafin sito, ranar da masu bincike suka zo sai an nuna shi. In ya fashe a hannun ɗalibi, malami ne zai amsa tambaya, wataƙila ma a ce ya biya daga albashin da ba ya kai shi ƙarshen wata. Wanda kuwa ya kulle kayan shekara biyar ba a taɓa ba, shi ne mai amana, littafinsa ya cika cif. Kun ga mun gina tsarin da ke saka wa mai kullewa, yana hukunta mai koyarwa. Ni in ni ne malamin, da iyali a wuyana, ban ga abin da zai sa in buɗe kwalin ba.

Sai kuma ma'aikacin ɗakin gwaji, wanda aikinsa shirya kaya kafin darasi da tattarawa bayan an gama. A wurare da yawa wanda ke kujerar ya yi ritaya ba a maye gurbinsa ba. Malami ɗaya, aji ya haura mutum ɗari, minti arba'in. Kafin ya raba kaya ya tattara an kaɗa ƙararrawa.

Na san abin da wasu abokaina malamai za su ce, kuma suna da hujja. Za su ce wannan zancen zare da gwangwani shi ne hanyar da gwamnati ke bi ta zame daga nauyin da ke kanta: 'ya'yan masu hali suna makarantun da ke da cikakken ɗakin gwaji, ɗan talaka a ce ya yi haƙuri da gwangwanin madara. Gaskiya ne akwai kayan da ba a ƙirƙirar su a gida. Mitar auna wuta sai an saya, gilashi mai kusurwa uku sai an saya, kuma WAEC ba za ta karɓi dutsen bakin hanya a madadin dutsen awo ba. Ban ce a daina saya ba. Abin da nake cewa, kayan tsada na kwana ɗaya a shekara ba su kai zare da dutse na kowane mako amfani ba. Yaron da ya saba auna abu da hannunsa, ranar da ya ga na kanti ba zai firgita ba. Kuma ƙasashen da suka fi mu kuɗi ba su raina kayan wasan ba. A Indiya akwai wani injiniya, Arvind Gupta, ya bar aikin kamfanin motoci ya sadaukar da rayuwarsa wajen koya wa yara kimiyya da kayan bola, ashana, tsinken tsintsiya, tsohuwar robar taya. Gwamnatin ƙasarsa ta ba shi lambar girma ta Padma Shri a 2018. Bidiyoyinsa suna nan a YouTube kyauta, ko ba ka jin yaren hannunsa kawai za ka kalla.

Mu ma ai ba baƙinmu ba ne. Malam Muhammad Bah Abba na Jigawa ya ɗauki abin da kowace tsohuwa ta sani game da randa, cewa ruwan da ke tsattsafowa yana bushewa shi ke tafiya da zafi, ya sa tukunya cikin tukunya da jiƙaƙƙen yashi a tsakani, kayan miya suka riƙa daɗewa ba wuta ba firji. Ya samu kyautar Rolex a 2000. Kuma da jihar Kano ta kafa hukumar makarantun kimiyya a 1977, aka buɗe Dawakin Kudu da Dawakin Tofa, ku duba likitoci da injiniyoyin da suka fito daga can. Ku tambayi tsofaffin ɗaliban, za su gaya muku ɗakin gwaji wurin zuwa ne na kowane mako.

Wani abin mamaki, gwamnatin tarayya tana da cibiyoyin ƙera kayan kimiyya na makarantu, ɗaya a Minna ɗaya a Inugu, ƙarƙashin hukumar NASENI. Ga kuma maƙeran Panteka a Kaduna da na Ƙofar Ruwa a Kano, waɗanda in ka nuna musu abu sau ɗaya za su fitar maka da ɗari. Ga kwalejojin fasaha da ɗalibansu ke neman abin da za su ƙera. Sandar rataye, kura, gangaren katako, allon haɗa waya, wane ne a ciki ya gagare su? Amma an fi son a ce kaya daga waje suka zo.

Wasu za su ce ai yanzu zamanin waya ne, akwai manhajojin da ke nuna gwajin a allo, irin PhET na wata jami'a a Amurka. Suna da kyau, ni ma na ga yarana suna amfani da su. Sai dai a allo zare ba ya tsinkewa, waya ba ta kwancewa, agogo ba ya kuskure. Rabin ilimin yana wajen gano dalilin da ya sa abin ya ƙi yi.

In da za a tambaye ni, abin da zan roƙa ba shi da yawa. A ware wa malamin Fiziks ɗan kuɗin hannu kowane zango, ya sa hannu ya kawo rasit, ba sai takarda ta je hedikwata ta dawo ba. A rubuta a fili cewa kayan da ya lalace a wajen koyarwa ba bashi ba ne a kan malami. Masu duba makarantu kuma su daina tambayar ko kaya suna nan, su tambayi yaushe aka fito da su, su kira ɗalibi ɗaya ya haɗa a gabansu.

Ƙungiyoyin tsofaffin ɗalibai, ku ma da ku nake. Kusan dukkanmu muna cikin zauren WhatsApp na ajinmu, kuma in an tara kuɗi, fenti ne da allon suna a bakin ƙofa da walima. Wannan karon ku je ku sami malamin kimiyya shi kaɗai, ba a ofishin shugaba ba, ku tambaye shi abin da yake bukata. Jerin da zai ba ku zai ba ku kunya saboda arharsa.

Iyaye kuma, yaron nan da ke kwance tocila da tsohuwar rediyo ana dukan sa ana cewa maɓarnaci ne, a ba shi wadda ta riga ta mutu ya ƙarasa ta. Mai ɗa ko 'ya a ajin kimiyya ya gwada yau bayan Magariba: a rataye zare da dutse a ƙofar ɗaki, a tambaye shi babban dutse da ƙarami wanne zai riga kammala zuwa 20. In ya ce babba, kada a gaya masa amsa. A miƙa masa wayar ya riƙe agogo, ƙanwarsa ta yi ƙirga.