JIRGIN SAMA BAI SAN BABBAN MUTUM BA

Jama'a, duk sa'ad da aka ce ƙaramin jirgin sama ya faɗi wajen tashi, sai mu ji ana cewa tsautsayi ne. Mu kuwa muna cewa, sau da yawa tun jirgin yana ƙasa a kan gama shirya hatsarin. Masu shirya shi su ne lodi, da gaggawa, da tsoron gaya wa mai iko gaskiya.

Ku da ke ɗora kaya a lori kun san sha'anin. Mota in an cika mata lodi ta gaza hawa tudu, yaron mota ya kan diro ya sa mata waigi. To, jirgi ba shi da waigi. Abin da ke riƙe shi a sama iskar da ke bi ta fikafikansa ce, ita kuwa ba ta ɗaukarsa sai ya yi gudu isasshe. Lokacin tashi gudunsa kaɗan ne, ƙasa kuma tana kusa. In kaya sun yi yawa, ko an jibge su wajen wutsiya, sai hancin jirgin ya ɗaga fiye da kima, gudu ya ragu, iska ta saki fikafikan, ya kife gefe guda. Kafin matuƙi ya gyara, ƙasa ta tarye shi. Har wa yau zafin rana ƙari ne, domin iska mai zafi ba ta da kauri, inji ya kan rage ƙarfi. Watau kayan da jirgi ya ɗauka da asuba, ba lalle ya iya ɗaukarsu da azahar ba.

Ga misali. Ran 25 ga Agusta 2001, mawaƙiyar Amurka Aaliyah ta shiga ƙaramin jirgi ƙirar Cessna 402 a tsibiran Bahamas, ita da mutanenta. Yana ɗagawa ya faɗi dab da ƙarshen filin, duk mutum 9 da ke ciki suka rasu. Da aka bincika, sai aka tarar lodin ya zarce ƙa'ida da wajen kilo 320, nauyin kuma ya karkata baya.

Nan gida ma mun gani. Ran 3 ga Oktoba 2013, wani jirgin shata ya tashi daga Legas za shi Akure, ɗauke da gawar Olusegun Agagu, tsohon Gwamnan Ondo. Tun yana gudu a ƙasa na'urar gargaɗi take kuka, mataimakin matuƙi ya yi maganar a fasa tashi, ba a fasa ba. Cikin mutum 20, mutum 16 suka rasu. Ga gargaɗi, ga mai faɗin gaskiya a kujerar gefe, amma aka rasa mai saurare.

Wani zai ce, ina ruwan talaka da jirgin da bai taɓa shiga ba? Da ruwansa ƙwarai. Jirgi in ya ƙwace wajen tashi, kan unguwar da ke bakin filin ya kan sauka. Mutanen Gwammaja a Kano ba su manta da 4 ga Mayu 2002 ba, ranar da wani babban jirgi ya zarce ƙarshen fili ya faɗa kan gidaje, aka rasa rayuka fiye da 100, har da waɗanda ke zaune cikin ɗakunansu. Ba su sayi tikiti ba.

Saboda haka abin da mu ke nema uku ne. Na fari, a ɗora kaya a sikeli, a lissafta nauyin mutane, a rubuta, kafin kowane ƙaramin jirgi ya tashi, ko na wane ne. Mai sayar da hatsi ma ba ya rabuwa da mudu. Na biyu, matuƙin da ya ce ba zai tashi ba saboda lodi, ko zafi, ko kukan na'ura, doka ta tsaya masa, kada maigidansa ya kore shi. Matuƙi ɗan ƙwadago ne, yana tsoron rasa abincinsa kamar kowa. Na uku, in an gama binciken hatsari a bayyana wa jama'a cikin harshen da su ke ji.

Wanda aka rage wa kaya, fushinsa na yini guda ne. Gara ya isa gobe yana zagin matuƙi, da a tafi ɗauko shi yau. In kunne ya ji, jiki ya tsira.