Kafin Ka Sayi Motar Ɗaukar Kaya, Tambayi Lambar Aksil

Tun da aka cire tallafin man fetur a ranar 29 ga Mayu, 2023, duk wanda zai sayi akori-kura tambayarsa ɗaya ce: ya shan manta? Matasa na ta duba hotunan motoci a Facebook da Jiji, suna kallon fenti da inji. Ba a cika tambayar lambar aksil na baya ba, alhali ita ce ke nuna ko motar za ta iya aikin da aka saye ta dominsa.

Ga yadda lambar take. Idan aka ce 4.10, farfela sai ta juya sau huɗu da ɗan ɗoriya kafin taya ta juya sau ɗaya. Babbar lamba na ƙara ƙarfin jan kaya, amma inji ya fi wahala a kan kwalta. Ƙaramar lamba, kamar 3.55, ta fi sauƙin mai a doguwar tafiya, sai dai ba ta da ƙarfin tashi da nauyi. Gudun da mai 3.55 ke yi inji na juyawa sau 2,000 a minti, mai 4.10 sai ya kai kusan 2,300. Shi ya sa a Amurka kamfanin Ford ke barin mai sayen F-150 ya zaɓi lambar da ta dace da aikinsa.

A ganina, wanda zai riƙa kwaso tumatir, albasa ko shinkafa daga gonakin dam ɗin Watari a Bagwai, babbar lamba ce tasa. Kafin ya hau kwalta zuwa Yankaba ko Dawanau, sai ya ratsa yashi da laka da kaya niƙi-niƙi. Mai ƙaramar lamba zai daɗe a giya ta ɗaya da ta biyu yana murza kuloci. Man da ya so tattalawa a nan zai ƙone, ga kuɗin sabon kuloci. Araha ba ta ado.

Masu cewa motar ai babu kaya take komawa, kuma a lokacin ƙaramar lamba ke cin riba, suna da gaskiyarsu. Idan jigilarka a kan kwalta take tsakanin Bichi da Kano, kayan kuma ba nauyi, bi shawararsu. Amma tumatir ba ya jiran motar da ta kafe a gona.

Wayarka za ta taimaka. Ka sa mai motar ya turo maka hoton farantin bayanai da ke jikin ƙofa ko wajen inji, ka binciki lambar a intanet. In bakanike ya buɗe aksil ɗin, ku ƙirga haƙora: 41 a babban gargare, 10 a ƙarami, 4.10 ke nan. Ka kuma tuna, saka manyan tayoyi na rage ƙarfin ja, kuma mota mai jan gaba da baya dole aksil biyun su dace da juna.