Babbar mota ta hannu: Araha a kasuwa, tsada a gidan mai

A duk ƙarshen kaka, idan manoman yankin Funtua da Malumfashi a kudancin jihar Katsina suka kai masara da dawa da waken suya da auduga kasuwa, dillalan motoci na daga cikin waɗanda kakarsu ke yanke saƙa.

Lokaci ne da kuɗi ke shiga hannun manoma da 'yan kasuwar hatsi na Dandume da Bakori da Ƙafur, kuma da dama daga cikinsu kan yi tunanin sauya babur ko tsohuwar mota da wadda ta fi ta girma.

Abin da kan ja hankalin mai saye shi ne yadda manyan motocin shiga na alfarma, irin su Toyota Avalon mai silinda shida, kan zo da farashin da bai yi wa na ƙananan motoci kamar Corolla nisa ba, duk da faɗin kujeru da sanyin na'ura da ƙarfin inji.

To amma tun bayan janye tallafin man fetur a shekara ta 2023, wannan arahar ta zama abin a yi wa kallon tsanaki, musamman ga wanda zai riƙa hawa motar a kullum. Kuɗin noma sau ɗaya yake zuwa a shekara, ita kuwa mota kowace safiya sai ta ci.

Daga Fijo zuwa 'yan Kwatano

Shekaru talatin zuwa arba'in da suka wuce, batun zaɓin mota bai da wahala a wannan yanki. Kamfanin Peugeot ya fara haɗa motoci a Kaduna a 1975, kuma Fijo 504 da 505 su ne suka mamaye hanyoyin Funtua zuwa Zariya da Gusau da Katsina.

Motoci ne masu tsayi daga ƙasa, kowane bakanike ya san cikinsu, kuma kayan gyaransu na nan a kusa.

Faɗuwar darajar Naira bayan shirin tsuke bakin aljihu na 1986 ta sa sabuwar mota ta gagari ma'aikaci da matsakaicin ɗan kasuwa. Daga nan ne motocin da aka yi amfani da su a Turai, waɗanda ake kira Beljiyam ko 'yan Kwatano, suka karɓe kasuwa, kafin daga bisani na Amurka su biyo baya.

Wani rahoto da Hukumar Kula da Muhalli ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta fitar a 2020 ya nuna cewa tsakanin 2015 da 2018, Tarayyar Turai da Amurka da Japan sun fitar da motoci na hannu miliyan 14, kuma nahiyar Afirka ce ta karɓi kaso mafi tsoka. Nijeriya na sahun gaba a cikin masu sayen.

Dalilin arahar

Arahar manyan motocin na da tushe biyu, ɗaya a waje ɗaya a gida.

A Amurka, masu saye sun juya wa irin waɗannan motoci baya sun koma ga jif-jif. Kamfanin Ford ya daina ƙera Taurus a can a 2019, Chevrolet ya tsayar da Impala a 2020, Toyota kuma ya rufe layin Avalon na Amurka a 2022. Motar da kasuwarta ta mutu a inda aka ƙera ta, darajarta kan faɗi da wuri a wajen gwanjo.

A gida kuwa, farashin mai ne ya sauya lissafi. Kafin ranar 29 ga watan Mayun 2023, lokacin da Shugaba Bola Tinubu ya bayyana ƙarshen tallafi, farashin hukuma na litar fetur bai kai Naira 200 ba. Cikin 'yan kwanaki ya haura Naira 500, kuma a watan Oktoban 2024 ya zarce Naira 1,000 a sassa da dama na ƙasar.

Wannan ya sa masu manyan injuna da yawa suka fitar da motocinsu kasuwa, yayin da masu saye suka yi wa ƙanana rububi. Ke nan wani ɓangare na arahar da ake gani, gudun ɗawainiya ne daga wanda ya riga ya ɗanɗana.

Su kuma motocin da ake shigowa da su kai tsaye daga waje, sakin Naira ta nemo wa kanta daraja a watan Yunin 2023 ya ɗaga farashinsu matuƙa, domin da dala ake sayo su, kuma da farashin dala ake lissafin kuɗin fito. Shi ya sa masu ƙaramin ƙarfi da yawa suka koma ga motocin da aka daɗe ana hawa a cikin gida, waɗanda suka fi buƙatar bincike.

Lissafin gidan mai

Tankin Avalon ƙirar 2005 zuwa 2012 na cin lita 70. A kan Naira 190, cika shi bai wuce Naira 13,300 ba. A kan Naira 1,000 kuwa, Naira 70,000 ke nan, daidai da mafi ƙarancin albashin da aka sanya wa hannu a watan Yulin 2024.

Bisa ma'aunin hukumomin Amurka, irin wannan mota na shan kimanin lita 12 a kowace kilomita 100 a cikin gari, Corolla mai silinda huɗu kuma kimanin lita 9.

Idan aka ɗauki malamin makaranta ko ma'aikacin asibiti da ke yin kilomita 50 a rana, kwana 26 a wata, babbar motar za ta sha lita 156, ƙaramar kuma 117. Bambancin lita 39 a da bai kai Naira 8,000 ba. A kan Naira 1,000 ya zama Naira 39,000 a kowane wata, kusan rabin miliyan a shekara.

Wannan kuma ma'auni ne na sabuwar mota a kan lafiyayyen titi. Motar da ta shekara goma sha biyar tana yawo, ga ramuka, ga na'urar sanyaya ciki a kunne a zafin bazara, shan manta ya fi haka.

Sai dai a doguwar tafiya ratar kan ragu, domin babban inji ba ya wahala a kan miƙaƙƙiyar hanya. Saboda haka ɗan kasuwar da harkarsa ke tsakanin Funtua da Kaduna ko Malumfashi da Kano yana da hujjar da mai zirga-zirgar cikin gari ba shi da ita. Ga shi kuma an shaidi injunan Toyota masu silinda shida da juriya, muddin ana yi musu juyen baƙin mai a kan kari.

Hanyar gona ba titin Amurka ba ce

Abu na biyu shi ne hanya. An ƙera waɗannan motoci ne domin shimfiɗaɗɗen titi, kuma tsayin cikin Avalon daga ƙasa bai kai santimita 15 ba. Idan aka cika ta da iyali, aka sa buhu biyu a but, sai ta ƙara durƙusawa.

Muddin tana kan kwaltar Funtua zuwa Bakori zuwa Malumfashi, babu damuwa sosai. Matsalar na farawa ne idan aka sauka zuwa hanyar burji ko burtalin da ke kaiwa gona, musamman a watan Agusta lokacin da ruwa ke zaizaye hanya, laka kuma ta kama taya.

A nan ne salansa da kaskon baƙin mai da ƙafafuwan mota ke shan duka. Manomin da ke son mota guda ta kai yara makaranta, ta kai taki gona, ta kuma je ɗaurin aure, yana neman aiki uku ne daga motar da aka yi domin guda ɗaya.

Akwai kuma batun tsaro. Ƙananan hukumomin Faskari da Sabuwa da Dandume da Ƙanƙara sun sha fama da hare-haren 'yan bindiga, kuma yankin Sheme da 'Yankara a kan hanyar Funtua zuwa Gusau ya yi ƙaurin suna wajen tare matafiya. A 2021 gwamnatin Aminu Bello Masari ta kai ga hana sayar da fetur a jarka tare da taƙaita zirga-zirga a wasu hanyoyi.

A irin wannan yanayi, lalacewar mota da almuru a tsakiyar daji ta wuce batun ɓata lokaci. Mota mai ɗaukar ido kuma na iya sa a yi wa mai ita kallon wanda ya fi ƙarfinsa dukiya.

Takardu kafin fenti

Masu iya magana na cewa ba girin-girin ba, ta yi mai. Kafin a duba ƙyallin fenti, takardu ne abin fara tambaya.

Daga ranar 1 ga watan Janairun 2017 gwamnatin Muhammadu Buhari ta haramta shigo da motoci ta iyakokin ƙasa, amma hakan bai hana wasu sulalowa ta ɓarauniyar hanya daga Kwatano da Jamhuriyar Nijar ba. Motar da ba a biya mata cikakken kuɗin fito ba, jami'an kwastam na iya kama ta a hannun wanda ya saya, ko da bai san yadda aka shigo da ita ba. A 2024 sai da hukumar ta buɗe wa'adin kwanaki 90 domin masu irin waɗannan motoci su je su daidaita takardunsu.

Saboda haka wajibi ne a kai takardar kwastam ofishin hukumar a tantance, maimakon dogara da rantsuwar dillali. Haka nan lambar jikin mota mai haruffa da alƙaluma 17 da ke ƙasan gilashin gaba dole ta yi daidai da wadda ke jikin ƙofa da kuma ta cikin takardu.

Da wannan lamba ake iya binciko tarihin motar Amurka ta intanet, a shafuka irin su Carfax. Yawancin motocin da ake sayowa da rahusa a gwanjon Copart da makamantansa, kamfanonin inshora ne suka sallama su bayan haɗari ko ambaliya, kamar yadda aka gani bayan guguwar Katrina a 2005 da Harvey a 2017. Motar da ta sha ruwa kan tashi lafiya a ranar ciniki, sannan wayoyinta su fara ruɓewa bayan watanni.

Idan kuma mota ce da aka hau a gida, sai a nemi ganin mai ita na ainihi da shaidar mallaka, a rubuta yarjejeniya a gaban shaidu, a kuma sauya suna ba tare da jinkiri ba. Inshorar dole ma ta tashi daga Naira 5,000 zuwa 15,000 tun watan Janairun 2023.

Abin da bakanike zai duba

Ƙa'ida ta farko ita ce mai saye ya zo da bakanikensa, ba wanda dillali ya kawo ba, domin mai cin la'ada ba ya kushe haja.

A tayar da motar da sassafe kafin inji ya yi zafi, a lura da hayaƙi da ƙara. A buɗe murfin baƙin mai a ga ko ya daskare ya yi kauri, a duba ruwan lagireto ko ya gauraya da mai. A ɗaga shimfiɗar ƙasa da ta but a nemi tsatsa ko busasshiyar laka ko warin danshi.

Giya mai sauya kanta ita ce mafi tsadar gyara bayan inji. Sai an yi tafiyar aƙalla rabin sa'a, har da hawa tudu, kafin a gane ko tana fizga ko tana jinkirin shiga.

Agogon tafiyar motocin Amurka da mil yake ƙirga, kuma mil ɗaya ya kai kilomita 1.6. Wanda ya ga 150,000 ya sani cewa kilomita 240,000 ke nan, idan ma ba a mayar da agogon baya ba.

Injin Avalon mai lita 3.0 na kafin 2005 da bel yake aiki, wanda ake so a sauya bayan kimanin mil 90,000, yayin da mai lita 3.5 da ya biyo baya ke da sarƙa. Akwai kuma matatar hayaƙi da ke cikin salansa, wadda kanikawa ke kira indomi. Sau da yawa akan cire ta a sayar saboda ƙarafa masu daraja da ke cikinta, kuma rashinta kan kunna fitilar gargaɗi, ya ƙara gurɓata iska. Jona motar da kwamfutar bincike na fallasa irin wannan cikin mintuna.

Tambaya ta ƙarshe ita ce ta kayan gyara. Kayan Toyota da Honda da Fijo 406 ana samunsu a Funtua, idan aka rasa kuma akwai Ƙofar Ruwa a Kano da Panteka a Kaduna. Ƙirar da ba a saba da ita ba kuwa, irin su Chrysler ko tsofaffin manyan BMW, ƙaramin abu na iya ajiye ta makonni ana jiran saƙo daga Ladipo a Legas.

Wa ta dace da shi?

Babbar mota ta hannu na iya zama saye mai kyau ga wanda ke da kuɗin shiga a kowane wata, mafi yawan tafiyarsa doguwa ce a kan kwalta, yana da iyali mai yawa, kuma zai iya ware wani kaso na kuɗin saye domin taya da batir da garambawul na farko.

Ga manomin da jarinsa ke cikin rumbu kuwa, lamarin ya bambanta. A 2025 farashin masara ya faɗi yayin da taki ya ci gaba da tsada, abin da ya nuna cewa ribar shekara guda ba ta lamunce ta baɗi. Wanda ya zuba kuɗin kaka gaba ɗaya a mota na iya samun kansa a watan Yuni yana zaɓi tsakanin cika tanki da sayen buhun taki, kuma motar da ake gudu saboda shan mai ba ta saurin fita idan aka mayar da ita kasuwa.

Masu lura da harkar na ganin cewa muddin ba a koma zamanin tallafi ba, kuma gidajen sayar da iskar gas ta motoci ba su wadata a garuruwan karkara ba, ƙananan injuna za su ci gaba da riƙe darajarsu fiye da manya. Abin da ya rage ga mai saye a Funtua ko Malumfashi shi ne ya lissafa abin da motar za ta ci daga wannan kaka zuwa ta gaba, kafin ya biya kafin alƙalami.