Tun Ran Gini, Tun Ran Zane: Ɗalibanmu da Ilimin Tsara Gwaji

A ce wani manomi a ƙasar Ƙaraye ya sami sabon irin masara. Ya shuka shi a gangaren gonarsa, inda laima ke daɗewa, ya bar tsohon iri a kan tudu. Da kaka ta yi, sabon iri ya fi cika buhuna, sai labari ya bazu a kasuwa cewa ga iri mai albarka. To, mai karatu, iri ne ya yi wannan aiki ko kuwa laimar gangare? Babu mai iya amsawa, domin an cakuɗa abu biyu tun ranar shuka. Manomi yana da uzuri, amma ɗalibin jami'a da ke tafka irin wannan kuskure a kundin digirinsa ba shi da shi.

Maganin wannan matsala ya daɗe da samuwa. A 1919 Ronald Fisher ya kama aiki a tashar binciken noma ta Rothamsted a Ingila, a 1935 kuma ya wallafa littafinsa kan tsara gwaji. Ƙa'idojinsa uku ne. Na farko, a raba gona rukuni-rukuni, tudu daban, gangare daban, a gwada kowane iri a cikin kowane rukuni. Na biyu, a jefa ƙuri'a wajen zaɓen fegin da kowane iri zai hau, don kada son zuciya ya shigo. Na uku, a maimaita. Idan iri biyu ƙarfinsu ɗaya ne, sa'a kawai na iya ba sabon nasara sau ɗaya cikin biyu. Amma ya yi nasara a gonaki 6 a jere bisa sa'a, wannan sau ɗaya ne cikin 64.

Wannan ilimi ba baƙo ba ne a ƙasar Hausa. A 1950 aka kafa wani dogon gwaji a Samaru ta Zariya, inda aka haɗa takin shanu da takin zamani iri uku, kowanne a mataki uku, aka sami haɗi 81. Daga irin wannan haƙuri ne ake samun shawarar taki da za a iya dogara da ita.

A fannin lafiya kuwa, rayuka ake magana. Gwajin maganin Trovan da aka yi wa yara kusan 200 a Kano lokacin annobar sanƙarau ta 1996, inda 11 suka rasu, ya jawo shari'a ta shekaru kan batun izinin iyaye da yadda aka gudanar da shi. Al'ummar da ba ta da masana tsarin gwaji ba ta iya yi wa mai gwaji tambayar da ta dace.

A ganina, jami'o'inmu na Kano da Zariya da Wudil su riƙa koyar da tsara gwaji da ƙididdiga kafin ɗalibi ya zaɓi batun kundinsa, kuma a fili. Ga madatsar ruwa ta Challawa da aka kammala a 1992. Shin tsargiya ta fi yawa ga yaran ƙauyukan bakin ruwa fiye da na nesa? Yara nawa ya kamata a duba, kuma yaya za a zaɓo su? Ga gonakin rake a Rogo suna jiran irin waɗannan tambayoyi.

Wasu za su ce ai kwamfuta na yin lissafin. Gaskiya ne, amma kwamfuta ba ta raba laima da iri bayan an riga an haɗa su. Wanda ya tattara alƙaluma ba tsari, sannan ya nufi malamin ƙididdiga ana saura mako biyu a miƙa kundi, ya makara. Allah Ya sa malamai da ɗalibai su farga tun kafin shuka.