Kwalara a Sansanin Muna

Tun da fitinar Boko Haram ta raba al'ummar karkarar Borno da gidajensu, suka cunkushe cikin bukkokin leda a Maiduguri, inda ruwan sha ya yi ƙaranci, masai kuwa kan tumbatsa da saukar damina, duk mai basira ya san annoba na tafe. A watan Agusta na 2017 kwalara ta ɓulla a sansanin Muna Garage, ta kai Dikwa da Monguno. Abin baƙin ciki, bawan Allah da ya kuɓuta daga harsashi sai amai da gudawa su halaka shi cikin yini guda, alhali ruwan gishiri da sukari kan ceci rai. Wajibi ne hukuma ta haƙa rijiyoyin burtsatse, ta kwashe masai kafin ruwan farko ya sauka.