Kashi nawa cikin ɗari? A faɗa mana da jika da dala

Babu wanda zai koya wa ɗan kasuwar Maraɗi ko na Damagaram lissafi. Tsohuwar da ke zaune gaban tiya a kasuwar Dole, wadda ba ta taɓa shiga lakwal ba, kafin ɗan makaranta ya fiddo salula ya danna, ta riga ta faɗi kuɗin tiya goma sha bakwai, ta kuma miƙa canji babu kuskuren dala ɗaya. Amma akwai wani lissafi da ya daɗe yana cin dukiyar ƴan kasuwarmu, domin ana faɗinsa da harshen da ba na kasuwa ba. Shi ne wannan "kashi kaza cikin ɗari" da ake ji a rediyo, ake gani a takardar bashi, ake kuma ji a bakin masu alkawarin riba. Ra'ayinmu a wannan shafi shi ne, duk maganar kashi da ba a faɗi kashin mi ba, ba a kuma faɗi cikin wane lokaci ba, rabin magana ce, bai kamata kowa ya zuba jarinsa a kanta ba.

Manya daga cikin masu karatu ba su manta da watan Janairu na 1994 ba. Ran 11 ga wata, a birnin Dakar, aka ba da sanarwar karya darajar kuɗin sefa da kashi 50 cikin 100. Kafin ranar, faran guda na Faransa dala 10 ne, da gari ya waye ya koma dala 20. Wanda ya ji "hamsin cikin ɗari" zai ɗauka kayan waje za su ƙaru da rabin kuɗinsu ne. To, kayan da ake biyan jika 50 a sayo su daga Faransa jika 100 suka koma, wato ninki biyu, ƙarin kashi 100 cikin 100. Mu ɗauki misalin mai kanti da ke da irin wannan kaya a ajiye. Ya ɗora jika 25 bisa jika 50, ya sayar jika 75, ya kwana yana murnar riba. Ranar da ya koma sarin sabo sai ya tarar kuɗin hannunsa ba su isa su maido masa abin da ya fitar ba, kashi uku cikin huɗu kawai za su saya. Alƙalumman da aka faɗa a Dakar gaskiya ne, sai dai na darajar sefa ne, shi kuwa Alhaji ya ɗora su bisa farashin kaya.

Irin haka ta faru ga maƙwabtanmu na Najeriya. A watan Mayu na 2023 dalar Amurka tana wajen naira 460 a farashin gwamnati, kafin ƙarshen Fabrairu na 2024 ta haura naira 1400. Wani zai ce naira ta faɗi da kashi 200 cikin 100, alhali kuwa abu ba ya faɗuwa fiye da dukansa. Kuɗin dalar ne ya ninka sau uku, ita kuwa naira wajen kashi biyu cikin uku na darajarta ta rasa. Duk wanda ya ba da wake ko bisashe bashi da naira a Jibiya ko Mai'aduwa kafin wannan lokaci, aka biya shi bayansa, an cika masa nairarsa daidai, amma a teburin ɗan canji ya ga abin da ya rage.

A cikin shago ma tarkon yana nan. Hajiya ta sayo turmin atamfa jika 4, ta ɗora kashi 25 cikin 100, ya koma jika 5. Wata ƴar uwa ta zo, Hajiya ta ce a rage mata kashi 25, a ba ta a kuɗin saye. Kashi 25 na jika 5 sefa 1250 ne, turmi ya tafi a 3750 ke nan, Hajiya ta cire dala 50 daga uwar kuɗinta ba ta sani ba. Hawa da sauka ba tsani ɗaya suke bi ba, domin hawan bisa jika 4 aka auna shi, saukar kuwa bisa jika 5. Haka harajin TVA na kashi 19 da ya fiddo jama'a kan tituna a watan Maris na 2005: kayan jika 10 yana komawa sefa 11900 da haraji, amma in aka cire harajin, ragin da mai saye zai gani kashi 16 ne kawai na abin da yake biya.

Wani lokaci kuma kalma ce ke ruɗin mutane. In aka ce a labarai hauhawar farashi ta sauka daga kashi 10 zuwa kashi 5, da yawa sai su ji kamar an ce kaya sun yi sauƙi, in sun je kasuwa ba su ga haka ba su ce rediyo ƙarya take yi. Abin da ake nufi shi ne buhun jika 20 ya koma jika 22 bara, bana kuma ya ƙara hawa zuwa sefa 23100. Mota ce ta rage gudu, ba ta tsaya ba balle ta koma baya.

Inda abin ya fi ciwo shi ne wajen bashi, kuma iyayenmu mata masu ƙaramar sana'a su ne suka fi shan wahalarsa. Hukuncin kuɗin ruwa mun bar wa malamai, mu a nan lissafinsa muke dubawa, tunda mun san akwai masu karɓa saboda matsi. In mai ba da bashi ya ce "kashi 5 ne kawai", a tambaye shi: a wata ko a shekara? Kashi 5 a wata kashi 60 ne a shekara. Wace sana'ar ƙosai ko ta ƙuli-ƙuli ce za ta biya wannan, ta sayi itace da mai, ta kuma ciyar da gida?

Akwai wata dabara da ta fi wannan ɓoyuwa. A ce mace ta karɓi jika 100, za ta biya cikin wata 10, an ce mata ruwan kashi 2 ne a wata. Kowane wata tana kai jika 12: jika 10 na uwar kuɗi, jika 2 na ruwa. A ido abin ba shi da yawa. Amma a duba da kyau. A wata na farko jika 100 ke hannunta, jika 2 kashi 2 ne, babu gardama. A wata na shida jika 50 kawai ake binta, amma har yanzu jika 2 take biya, ya zama kashi 4. A wata na ƙarshe jika 10 suka rage, ta biya jika 2 a kansu, kashi 20 ke nan. Tana biyan hayar kuɗin da ta riga ta maida wa mai su. In aka haɗa duka, ruwan na gaskiya ya kusa kashi 3 da rabi a wata, ya wuce kashi 40 a shekara, ban da kuɗin takardu da ake zaftarewa tun ranar karɓa. A shekara ta 2014 ƙasashen UEMOA, da Nijar a cikinsu, sun tsaida iyakar ruwan da asusun ƙananan basussuka za su iya karɓa a kashi 24 a shekara, kuma lissafin ya haɗa da irin waɗannan kuɗaɗen gefe. Doka tana nan a takarda, amma matar da ba a faɗa mata jimillar abin da za ta biya ba, da mi za ta gane an ƙetare ta?

Masu alkawarin riba su ma da wannan kashi suke farauta. A 2016 wani tsari mai suna MMM, na wani ɗan Rasha Sergei Mavrodi, ya cika Najeriya da alkawarin kashi 30 cikin 100 kowane wata, har ya rufe asusun mutane a watan Disamba na shekarar. Da an zauna an buga lissafin da jika, da an gane tun farko. Jika 100 da ke ƙaruwa da kashi 30 kowane wata, ana barin ribar a ciki, sun haura miliyan 2 a shekara guda, sun haura miliyan 50 a shekara biyu. Wanda ya san sana'ar da ke kawo haka, mi zai kai shi neman jika 100 na mai sayar da taliya? Banza ba ta kai zomo kasuwa. Hujjar da ake kawowa kullum ita ce "ai wane ya zuba, kuma an biya shi, da idona na gani". Gaskiya ne an biya shi, da kuɗin waɗanda suka shiga bayansa aka biya shi, domin ya fita unguwa yana ba da shaida. Wanda ya samu shi ke yawo yana faɗi, waɗanda suka rasa kunya ta rufe musu baki, don haka mai saurare gefe ɗaya yake ji. Irin wannan tsari ba ya ƙarewa, suna kawai yake sakewa, yau ta salula yake shigowa har cikin ɗaki.

Ko kalmar dala kanta tana bukatar a tsaya a kanta. A kasuwarmu dala sefa 5 ce, "ɗari" kuwa sefa 500. A labaran duniya dala kuɗin Amurka ce. In aka ce an ba da taimakon dala miliyan ɗaya, mai lissafin kasuwa zai ji sefa miliyan 5, alhali a 2024 wannan kuɗi ya kai wajen sefa miliyan 600. Haka in aka ce litar fetur ta ƙaru da 50, tilas a faɗa ko sefa 50 ce, wato dala 10, ko dala 50 ce, wato sefa 250. Tsakanin biyun akwai ninki biyar, kuma a kan irin wannan ne ake tada farashin kuɗin mota kafin gaskiya ta iso tasha.

Saboda haka muna kira ga gidajen rediyo da jaridu, duk lokacin da za a faɗi kashi cikin ɗari a bi shi da misali: buhun jika kaza ya koma jika kaza. Ƙungiyoyin ƴan kasuwa da azuzuwan yaƙi da jahilci su ma su ware zama ko da biyu a kan wannan, da misalan atamfa da tiya, tunda masu sauraron sun riga sun iya wuyar lissafin. Babban nauyin kuwa yana kan masu ba da bashi da hukumomin da ke sa musu ido. Tun watan Maris na 2025 kundin da ke tafiyar da ƙasa ya ɗauki Hausa a matsayin harshen ƙasa, don haka ba mu ga dalilin da zai sa mace ta dangwala yatsa bisa takardar Faransanci da ba ta san abin da ke cikinta ba. A rubuta mata da Hausa, da boko ko da ajami, a kuma karanta mata gaban shaida: jika nawa za a damƙa mata a hannu yau bayan an cire kuɗin takardu, jika nawa za ta kai kowane wata, wata nawa, da jimillar jikar da za ta biya ranar da bashin ya ƙare.