A Tambayi Bazara Kafin A Sayi Na'ura

Duk wanda ya taɓa kwana a Dutse cikin watan Afrilu ya san faɗuwar rana ba ta kawo sauƙi nan take. Manyan duwatsun da suka ba garin sunansa sukan wuni suna shan rana, da dare kuma su riƙa amayar da zafin a kan gidaje. Da tsakar rana ma'aunin zafi yakan haura digiri 40, a ɗakin da aka rufa da kwano babu silin kuwa abin ya fi haka. To, a cikin ɗan littafin da ke zuwa tare da kwamfutar tafi-da-gidanka ko wayar hannu akwai wani layi da ba safai ake karantawa ba, inda maƙeran na'urar suka faɗi iyakar zafin da suka yarda ta yi aiki a cikinsa. Kamfanin Apple, alal misali, digiri 35 ya sa wa wayoyinsa da kwamfutocinsa, kuma kamfanoni da dama a nan suka tsaya. Wato ke nan, makonni da yawa a kowace shekara, na'urar da ke hannun ɗalibi a Dutse ko Kiyawa ko Jahun tana aiki ne a wajen iyakar da aka ƙera ta dominta.

Amma mai saye ba ya tambayar wannan. Tun daga shekarar 2015, lokacin da hukumar JAMB ta mayar da jarrabawarta gaba ɗaya kan kwamfuta, sayen na'ura ya zama dole ga makarantun sakandare da kuma iyayen da ke da hali. Malami yakan tara albashin watanni, ya hau mota zuwa Kano, ya shiga titin Beirut ko kasuwar Farm Centre, tambayarsa ta farko kuma ita ce: "i7 ce?" Idan aka ce masa i7 ce, hankalinsa ya kwanta, sai ciniki. Wannan hanyar auna kaya tana cin kuɗin mutane, kuma abin mamaki, maganinta yana cikin littafin ilimin halittu na aji huɗu da aji biyar, wanda malamin nan da kansa yake koyarwa.

Darasi na farko shi ne na dacewa da muhalli. Cibiyar binciken kwakwar manja ta ƙasa, wato NIFOR, tana da babbar hedikwatarta kusa da Benin, inda ruwan sama yake da yawa, amma reshenta na binciken dabino a Dutse aka kafa shi. Kwakwar manja da dabino 'yan gida ɗaya ne a wurin masana tsirrai, duk da haka kowanne da ƙasar da ke karɓarsa. Babu manomin da zai ce kwakwa ta fi dabino kyau ba tare da ya faɗi inda za a shuka ta ba. Na'ura ma haka take, kuma firji ne ya fi nuna wannan a fili. A jikin kowane firji, a baya ko a ciki, akwai wata 'yar takarda da aka manna mai ɗauke da harafin ajin yanayinsa. Harafin N yana nufin an ƙera shi don ɗakin da zafinsa bai wuce digiri 32 ba. ST yana kaiwa digiri 38, T kuwa digiri 43. Firjin da ake kira ɗan Kwatano, wanda ya gama aikinsa a wani ɗakin girki na Jamus ko Beljiyam, sau da yawa ajin N ne ko SN. Idan ya iso Birnin Kudu cikin bazara, injinsa zai yi ta aiki babu hutu, ya sha wuta mai yawa, ruwan ciki kuma ya ƙi yin sanyin kirki, mai gida ya ce gas ne ya ƙare. Duba wannan harafi ba ya ɗaukar minti ɗaya.

Darasi na biyu ya fi zurfi, kuma shi ya kamata a daɗe a kansa. Kowane ɗalibi ya ga ƙadangare da sanyin safiya a kan katanga, ya yi lamo yana jiran rana ta ɗumama shi kafin ya iya gudu. Ya kuma san nonon da ke kwana lafiya da hunturu yakan yi tsami kafin la'asar da bazara. Dalilin duka biyun ɗaya ne: haɗuwar sinadarai tana ƙara sauri idan zafi ya ƙaru. Masanin kimiyya ɗan ƙasar Suwidin, Svante Arrhenius, ya bayyana lissafin wannan a 1889, masana halittu kuma suka taƙaita shi da cewa ƙarin digiri 10 yakan ninka saurin ayyukan jiki kamar sau biyu zuwa uku. Batir kuwa ba komai ba ne illa akwatin sinadarai. Batirin darma da ruwan asid, irin wanda ake haɗawa da inbata, ana ƙiyasta rayuwarsa ne a kan digiri 25, kuma maƙeransa da kansu suna faɗin cewa duk ƙarin digiri 8 zuwa 10 yana raba rayuwar tasa biyu. Batirin da aka ce zai yi shekara huɗu, idan aka ajiye shi a lungun da ba ya shan iska inda zafi ke zama a digiri 35, shekara biyu zai yi. Mai shi zai zagi mai shago, alhali a wannan karon mai shago bai yi ƙarya ba.

Haka abin yake ga farantin sola, wanda ya cika rufin gidaje da shaguna tun bayan janye tallafin man fetur a watan Mayun 2023, lokacin da ciyar da janareta ya gagari mutane da yawa. Adadin wat da aka rubuta a bayan faranti an auna shi ne lokacin da jikin farantin yake digiri 25. Da zarar ya wuce haka, yakan rasa wajen kashi 0.4 cikin ɗari na ƙarfinsa a kan kowane digiri. Farantin da ke kwance a kan kwano da tsakar rana yana iya kaiwa digiri 65, ya rasa kimanin kashi 16 cikin ɗari tun kafin a yi maganar ƙurar hunturu da iska ke kwasowa daga yankin Bodele na ƙasar Chadi ta shimfiɗa masa a fuska. Saboda haka ɗaga faranti sama da kwano don iska ta ratsa ƙarƙashinsa, da goge shi da safe, sun fi sayen ƙarin faranti araha nesa ba kusa ba.

Kwamfuta ita ma tana da nata salon kare kai. Idan masarrafinta, wato furosesa, ya ɗauki zafi, sai ya rage gudunsa da kansa don kada ya ƙone, kamar yadda ɗan garuwa yakan rage sauri da azahar. 'Yar fankar da ke cikinta tana zuƙar iska, tare da iskar kuma ƙura, ga shi ba ta da gashin hanci ko majina da za su tace mata kamar ɗan Adam. Bayan hunturu biyu, hanyar iskar takan toshe da wani abu kamar auduga. Kwamfutoci da yawa da aka yanke wa hukuncin tsufa a ɗakunan makarantu, buɗewa da sharewa kawai suke bukata. A nan akwai abin lura ga mai saye: kwamfutar da ake iya kwance bayanta da sukurdireba a share ta, a canza mata batir, ta fi siririya mai sheƙi da aka manne da gam amfani ga mutumin Dutse.

Darasi na uku daga gona ya fito. Bajamushe Justus von Liebig ya yaɗa wata ƙa'ida a 1840, wadda wani ɗan ƙasarsu Carl Sprengel ya riga shi ganowa, cewa girman shuka yana tsayawa ne a kan sinadarin da ya fi ƙaranci a ƙasa. Gonar geron da ta rasa sinadarin fosfaros, ko buhu nawa na yuriya aka zuba mata, ba za ta yi abin kirki ba. Randar da ta huje a ciki, iyakar ruwanta wurin hujin ne, komai tsawon wuyanta. To, a tsohuwar kwamfuta hujin ba kasafai yake wurin furosesa ba. Yana wurin ma'adana. Tsohuwar ma'adana da ake kira HDD faifai ne mai juyawa, sau 5,400 a minti a yawancin kwamfutocin hannu, da wata allura da ke bin sa tana neman bayani, kuma da ƙyar take wuce megabayit 100 a daƙiƙa. Sabuwar da ake kira SSD ba ta da abin da ke motsi a cikinta, mai sauƙin kuɗinta ma tana kai megabayit 500, wajen tsinto ƙananan bayanai a warwatse kuwa tazarar ta fi haka nesa. Ga shi ba ta tsoron girgizar babur a kan hanyar ƙauye. Huji na biyu shi ne RAM, wato faifan shanya inda na'ura ke baza aikin da take yi a lokacin. Gigabayit 4 ya yi kaɗan ga manhajojin yau, 8 ya wadatar da ɗalibi.

Shi kansa sunan i7 ba ya faɗin shekarun na'ura. Kamfanin Intel ya fara amfani da shi tun 2008, kuma lambar da ke biye da sunan ita ce ke nuna zuriya. Furosesa i7-2620M na shekarar 2011 ne, zuriya ta biyu, mai cibiyoyin aiki biyu. Shi kuwa i5-8250U na 2017 ne, zuriya ta takwas, mai cibiyoyi huɗu, ya fi wancan sauri kuma bai kai shi cin wuta ba. Wanda ya bar na biyun ya ɗauki na farkon don ya ga 7 ta fi 5, ya sayi tsohon doki ne saboda kyan sirdi. Akwai kuma ƙarin dalili: kamfanin Microsoft ya rufe tallafinsa na yau da kullum ga Windows 10 ranar 14 ga Oktoba, 2025, Windows 11 kuma, a bisa ƙa'idarsa, sai daga zuriya ta takwas zuwa sama yake karɓa in ban da 'yan kaɗan.

Mai karatu zai iya cewa duk wannan zance ne na mai kuɗi, talaka abin da aljihunsa ya kai yake saye. Gaskiya ne, kuma babu aibi ga kayan hannu. Kwamfutar ofis 'yar gwanjo mai ƙwarin jiki, idan aka sa mata SSD, ta fi sabuwa mai rahusa da aka yi da roba mai laushi. Abin da ake cewa shi ne a yi lissafin kuɗin har ƙarshe. Ƙwan fitila irin na da mai wat 60 da ƙwan LED mai wat 9 haskensu kusan ɗaya ne. Idan aka kunna kowanne awa shida a dare har kwana talatin, na farko zai sha yunit 10.8, na biyu 1.62. A makaranta bambancin ya fi haka nauyi. Kwamfutar kan tebur tare da allonta tana iya cin wat 150, ta hannu kuwa cajarta sau da yawa wat 45 ce ko 65. Ɗaki mai kwamfutocin tebur ashirin zai nemi wajen wat 3,000, na kwamfutocin hannu kuma bai kai rabin haka ba, ga shi kowace tana ɗauke da batirinta, idan wutar KEDCO ta ɗauke darasi ba zai tsaya ba. Shugaban makaranta zai ce ta hannu ta fi sauƙin sacewa, madannanta kuma ba sa jure hannun yara ɗari. Wannan ma magana ce, sai dai akwatin ƙarfe mai kwaɗo da madannai na waje da ake jonawa sun fi janareta da mansa sauƙin kuɗi. Abin takaici shi ne a kashe kuɗin duka a kan yawan na'urori don a jera su ranar buɗe ɗaki, ba a ware ko kwabo don wuta da silin da gyara ba. Jihar da ta shiga harkar kwamfuta da wuri, har ta kafa cibiyar koyar da ita a Kazaure tun zamanin Gwamna Saminu Turaki, bai kamata a ce har yanzu ana ƙirga ci gabanta da yawan kwalaye ba.

Sauran lambobin da ke jikin kwali kuwa, gani ya kori ji. Ma'ajin cajin waya da aka rubuta wa 10,000 mAh an auna shi ne a kan bolt 3.7 na batirin ciki, idan aka ɗaga shi zuwa bolt 5 aka cire asarar hanya, abin da ke fitowa bai cika wuce kashi biyu cikin uku na wannan lamba ba, ko da na gaske ne. Filas ɗin da aka ce gigabayit 64 ne, a cika shi da bidiyo a shagon, a cire, a mayar, a buɗe na ƙarshe a gani. Kwamfuta kuma a cire mata caja, a kunna bidiyo na rabin awa, a duba abin da batir ya rage, a taɓa ƙarƙashinta a ji zafi, a saurari kukan fanka. Mai shagon da ya amince da kayansa ba zai hana wannan ba.

Duk waɗannan gwaje-gwaje ne irin na ɗakin kimiyya, saboda haka malamin kimiyya ya cancanci kujera a kwamitin sayen kayan makaranta, kuma ɗalibansa suna iya tara masa hujja. Ma'aunin zafi yana nan a ɗakin gwaji. A rataye shi a ɗakin kwamfuta daga farkon Maris zuwa ƙarshen Mayu, 'yan aji biyar su riƙa rubuta abin da ya nuna da ƙarfe takwas na safe da ƙarfe biyu na rana, a rataye wani a lungun da batir yake, wani kuma a ƙarƙashin darbejiyar tsakar makaranta don kwatanci. Kafin damina ta sauka za a sami jadawalin da za a ajiye a gaban shugaban makaranta da ƙungiyar iyaye da malamai, a gefensa kuma ɗan littafin na'urar, a buɗe a shafin da aka rubuta digiri 35.